Haɗa Man Mota a Gida: Fashin Baƙi Kan Etanol

Duk lokacin da fetur ya yi tsada ko ya yi wuyar samu, maganar nan takan dawo bakin mutane: ai ana iya haɗa man mota a gida da rake ko masara ko rogo. Maganar gaskiya ce. Etanol mai ne, inji yana tashi da shi, miliyoyin motoci a Birazil da shi suke yawo kullum, kuma ilimin haɗa shi bai fi ƙarfin mai ƙwazo ba. Sai dai masu yaɗa maganar sukan tsaya a inda take da daɗi. Su nuna maka ɗigon farko yana fitowa daga bututu, su ƙyasta masa ashana ya kama, shi ke nan an gama. Abin da ke tsakanin wannan ɗigo da cikakken tanki a kowane mako shi ne ainihin zancen, kuma kusan dukkansa a kan ruwa da wuta yake.

Etanol shi ne sinadarin da ke bugarwa a cikin barasa, asalinsu ɗaya ne. Gara a faɗi wannan tun farko, don shi ya sa doka take sa masa ido a yawancin ƙasashe, shi ya sa kuma ake gurɓata na mota da gangan har ya zama ba ya shawuwa. Sa shi a inji kuwa tsohon abu ne. Tun 1826 wani Ba'amurke mai suna Samuel Morey ya tayar da inji da etanol haɗe da wani man itace. Fetur ya ture shi daga baya saboda yawa da araha, inji bai taɓa ƙin sa ba.

Mai yin aikin farko shi ne yis, wannan dai da ke kumbura burodi. Halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa, abincinta sukari. Idan aka zuba yis cikin ruwan zaƙi aka hana shi iska, sai ya ci sukarin ya fitar da etanol da iskar kabon, kusan raba-daidai. A cikin giram 100 na sukarin gulukos, iyakar abin da za a samu giram 51 ne na etanol, sauran 49 su tashi a iska. Babu dabarar da za ta ƙetare wannan iyaka, a aikace ma ba a kaiwa gare ta, don yis yana cinye wani kaso wajen gina jikinsa da hayayyafa. Idan aka mayar da lissafin zuwa lita, kilo ɗaya na sukari yana ba da wajen lita 0.6 na etanol. Mai tunanin shiga wannan harka ya riƙe wannan adadi da kyau, don duk wani alkawarin da ya zarce shi nesa ƙarya ne.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa abin da za a haɗa da shi ya fi komai muhimmanci. Ruwan rake, baƙin maɗin da ke saura a masana'antar sukari, 'ya'yan itacen da suka nuna suka fara lalacewa, waɗannan sukarinsu a fili yake, yis zai kama ci kai tsaye. Masara da dawa da rogo da dankali kuwa sitaci ne a cikinsu, yis ba ya iya cin sitaci. Dole sai an niƙa, an dafa da ruwa har sitacin ya fashe ya yi kauri, sannan a sa masa sinadaran da ke yanka shi ya koma sukari. Iri biyu ake amfani da su: ɗaya yana aiki a zafin digiri 85 zuwa 90 na ma'aunin Salshiyas ya tsinka kaurin, ɗayan a wajen digiri 60 ya ƙarasa mayar da shi zaƙi. Wanda ba shi da na saye yana iya amfani da hatsin da aka jiƙa ya yi tsiro, don tsiron yana ɗauke da irin waɗannan sinadarai, sai dai aikinsa bai kai na masana'anta tsafta ba. Ka ga tun ba a je ko'ina ba mai sitaci ya riga ya hura wuta sau ɗaya, mai rake bai taɓa ashana ba.

Ciyawa da kara da garin katako fa? Su ma sukari ne a ɗaure a cikinsu, amma ɗaurin ya yi tsauri ƙwarai. Manyan masana'antu biyu da aka gina a jihar Iowa ta Amurka don yin etanol da karan masara, ɗaya a 2014 ɗaya a 2015, duk sun dakatar da aikin cikin 'yan shekaru. Abin da ya gagari masu miliyoyin daloli, mutumin gida kada ya ɓata lokacinsa a kai.

Tsimawar kanta abin sha'awa ce ga wanda ya tsaya ya kalla. Ana zuba ruwan zaƙin a duro mai tsafta, a bar sarari a sama, a sa yis, a rufe ruf, a fitar da siririn tiyo daga murfin a tsoma bakinsa cikin kwalbar ruwa, ta yadda iskar ciki za ta fita ta waje ba za ta shiga ba. Bayan wasu sa'o'i sai kwalbar ta fara ɓulɓul, da farko jefi-jefi, can sai ta riƙa yi ba ƙaƙƙautawa. Kumfa ta taso a saman ruwan, jikin duron ya yi ɗumi idan ka ɗora tafin hannu. Wannan ɗumin abin lura ne. Yis ya fi jin daɗin aiki a wajen digiri 30 zuwa 33, idan zafi ya haura 35 sai ya fara galabaita, a kusa da 40 ya daina aiki ya bar sukari ba a ci ba. A ƙasa mai zafi, sanyaya duron ya fi ɗumama shi zama matsala. Abokin gaba na biyu ƙazanta ce: ƙwayoyin bakteriya suna son sukarin nan kamar yadda yis ke son sa, idan suka riga shi sai ruwan ya yi tsami, etanol ya ragu, tsamin kuma yana bin man har cikin mota ya ci ƙarfe. Cikin kwana uku zuwa mako guda kwalbar takan yi shiru, alamar an gama.

To me ke cikin duron a wannan lokaci? Ruwa ne. Kashi 8 zuwa 12 cikin 100 kawai ne etanol a aikin gida, don yis ba ya jure etanol ɗin da shi da kansa ya yi. Da ya kai wajen kashi 14 ko 15 yawancin nau'o'insa sun tsaya, ƙalilan ne ke kaiwa 18. Wato a duro mai lita 200, man da ake nema wajen lita 20 ne kawai, yana narke cikin lita 180 na ruwa da dusa. Duk wahalar da ta rage ta raba su ce.

Hanyar rabawar ta dogara ne a kan bambancin tafasa. Etanol yana tafasa a digiri 78, ruwa sai 100. Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan aka tsayar da wuta a 78 etanol zai fita shi kaɗai ya bar ruwa a tukunya. Ba haka abin yake ba. Gaurayen yana tafasa ne tare, a wajen digiri 92 ko 93, tururin da ke tashi kuma yana ɗauke da duka biyun, sai dai etanol ya fi yawa a cikinsa fiye da yadda yake a tukunya. Idan aka kama tururin aka sanyaya shi a bututun da ke cikin ruwan sanyi, abin da zai ɗigo da farko da ƙyar ya wuce rabi etanol, yana kuma raguwa yayin da tukunya ke ƙarewa. Wannan zai kama da ashana, zai burge mai kallo, amma ba man mota ba ne.

Shi ya sa tukunyar masu haɗa mai take da dogon bututu a tsaye a kanta, cike da abin da tururi zai riƙa gogar jikinsa, kamar zaren jan ƙarfe ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, ko ƙananan zobban tangaran. Tururi yana hawa, wani sashe yana sanyi ya koma ruwa ya gangaro, su haɗu da mai hawa. A kowace haɗuwa ruwa yana komawa ƙasa, etanol yana ƙara gaba. Kamar tankaɗe ne da ake maimaitawa sau goma ko ashirin a tafiya ɗaya. A can saman bututun ake kafa ma'aunin zafi, shi ne idon mai aikin. Idan allurar ta zauna a 78 ba ta motsi, abin da ke fita mai ƙarfi ne. Da ta fara rarrafawa zuwa 80, 82, ruwa ya fara biyowa, sai a rage abin da ake ɗiba a ƙyale mafi yawa ya koma ƙasa. Nan haƙuri yake shigowa. Wanda ya ƙara wuta don ya gama da wuri, ruwa zai tara. Kuma duk ɗigon da aka mayar ƙasa sai an sake tafasa shi, wato ƙarfin man da kuɗin wuta tare suke hawa.

Ko da bututun ya kai tsawon bene, akwai inda zai tsaya. Idan etanol ya kai kashi 95.6 cikin 100 a nauyi, shi da ɗan ruwan da ya rage sai su riƙa tafasa tare kamar abu ɗaya, tururi da abin da ke tukunya su zama daidai, tacewa ta daina raba komai. Mai aikin gida da ya ƙware yakan samu kashi 90 zuwa 95. Ana auna wannan da wata 'yar kwalba mai tsawo da ake tsomawa ta yi iyo, gwargwadon nutsewarta gwargwadon ƙarfin man. Wanda ba shi da wannan ma'auni bai san abin da yake zubawa a tankinsa ba.

Wannan ɗan ruwan da ya rage shi ne inda na fi ganin ana yaudarar mutane, don haka bari in tsaya a kansa. Yawancin masu wannan tunani ba so suke su bar fetur gaba ɗaya ba, so suke su zuba lita uku ko huɗu na nasu a kan fetur don ya yi auki. Abin takaici, wannan ce hanyar da man gida ya fi yin ɓarna. Fetur ba ya haɗuwa da ruwa. Etanol busasshe yana narkewa cikin fetur sarai, amma idan ya zo da ruwa, kuma shi ne kaɗan fetur ne mai yawa, sai ruwan ya janye shi su rabu da fetur. Kowa yana iya ganin wannan da idonsa a kwalbar gilashi: a zuba fetur kashi tara, etanol mai ruwa kashi ɗaya, a girgiza. Sai ka ga ya yi hazo-hazo, bayan 'yan mintoci layi ya fito ƙarara, fetur a sama, ruwa da etanol a ƙasa. A cikin tanki, ƙasan nan ne famfon mai yake zuƙa. Mota ta fara shaƙewa, ta mutu a hanya, ƙasan tanki ya fara tsatsa. A gaurayen da etanol yake kashi 10, ruwan da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba ya isa ya jawo wannan rabuwa, sanyi kuma yana ƙara saurinta.

Saboda haka Birazil take da etanol iri biyu. Wanda ake gaurayawa da fetur busasshe ne, ya haura kashi 99. Wanda ake sayarwa shi kaɗai a famfo yana da ɗan ruwansa, kashi 5 zuwa 7, kuma motocin da aka yi dominsa suna ƙona shi lafiya lau. Ma'ana, man gida mai kashi 93 ya fi dacewa da injin da aka gyara ya sha etanol zalla, fiye da motar da ba a taɓa ba wadda ake so a ɗan ƙara mata. Wanda ya nace sai ya gauraya, dole ya busar. Ana yin haka da wasu ƙananan duwatsu masu kama da tsakuwa da ake kira ziyolait, masu ƙofofin da ido ba ya gani, waɗanda ruwa ke iya shiga amma etanol ya yi musu girma. Suna shan ruwa wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsu, daga nan sai an gasa su a zafin da ya haura digiri 200 kafin su sake aiki. Wata wutar ke nan. Bayan an busar kuma sai an rufe shi ruf, don etanol yana zuƙar laima daga iska da kansa.

Sai ita motar. A ma'aunin makamashi da ake kira megajul, lita ɗaya ta etanol tana ɗauke da ƙarfin da ya kai 21, ta fetur wajen 32. Wato etanol ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku, tanki ɗaya ba zai kai ka inda na fetur ke kai ka ba. Direbobin Birazil suna da ƙa'idar da kowa ya haddace: idan kuɗin etanol ya wuce kashi 70 cikin 100 na kuɗin fetur, a sha fetur. Dalilin raunin shi ne etanol yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, kusan kashi 35 na nauyinsa. Don haka ma iskar da yake buƙata kaɗan ce: kilo ɗaya na fetur yana son kilo 14.7 na iska, na etanol 9 kawai. Injin da aka saita wa fetur, idan aka ba shi etanol zalla, iska ta yi masa yawa mai ya yi kaɗan. Sai ya riƙa shiɗewa idan an taka totur, ƙarfi ya ragu, bawul su yi zafi fiye da kima.

A tsohuwar mota mai kabureta gyaran a hannun bakanike yake: a faɗaɗa ƙofofin da mai ke bi, a sake saita lokacin da fulogi ke ba da wuta. Amma da zarar an yi haka motar ta zama ta etanol, idan aka koma fetur sai ta riƙa sha fiye da kima tana baƙin hayaƙi. A mota mai injekta, ƙwaƙwalwar motar tana sansano hayaƙi a salansa ta ƙara mai da kanta, amma tana da iyaka, da an wuce ta fitilar gargaɗi za ta kama. Kusan duk motar fetur ta zamani tana ɗaukar kashi 10 ba matsala, Amurka kuma ta amince da kashi 15 ga motocin 2001 zuwa sama. Fiye da haka sai motar da aka ƙera don shan kowanne, fetur ko etanol. Injin dizal kuwa kada a kusance shi da etanol, ba ya kamawa da matsi yadda dizal ke yi, ba shi kuma da santsin da famfon ke buƙata.

Etanol yana da halin wanke duk abin da ya taɓa. A tsohon tanki yakan ɓamɓaro dattin shekaru ya tura shi matatar mai, ta toshe a makonnin farko. Tsofaffin tiyo da robobin da ba a yi su dominsa ba sukan kumbura ko su tsattsage, yana kuma cin tutiya da alminiyum idan yana da ruwa ko tsami. Da sanyin safiya, idan zafi ya yi ƙasa da digiri 15, ba ya saurin zama tururi, mota ta ƙi tashi. Shi ya sa motocin Birazil suka daɗe suna da ɗan ƙaramin tankin fetur a ƙarƙashin bonet don tayar da inji kawai. Yana da nasa alheri da ba a musu: oktan ɗinsa, wato ma'aunin jure matsi a inji ba tare da ya kama kafin lokaci ba, ya kai wajen 108, ya fi na kowane fetur na gidan mai, yana sanyaya cikin inji, hayaƙinsa ba shi da baƙin toka sosai. Injin da aka ƙera da matsi mai yawa yana cin ribar wannan, injin fetur na yau da kullum kaɗan yake samu.

Yanzu a zo ga lissafi, don shi ne alƙali. A ɗauki mai motar da ke shan lita 40 na fetur a mako. Da etanol zai buƙaci wajen lita 57. Idan tsiminsa kashi 10 ne, sai ya tace kusan lita 600 a kowane mako, duro uku ke nan, wasu ukun kuma suna tsimuwa suna jiran layi. Idan da sukari zai yi, kilo 95 ne a mako. Idan masara ce, manyan masana'antun Amurka suna samun wajen lita 400 a tan ɗaya, wato kilo 140 a mako ga wanda ya kai su iyawa, na gida kuwa zai ci fiye da haka. Idan rake ne, tan ɗaya yana ba da lita 70 zuwa 85, don haka kashi uku cikin huɗu na tan a kowane mako, a sare, a ɗauko, a matse kafin ya yi tsami. A shekara man ya kai lita 3,000: masara sama da tan 7, ko rake wajen tan 40. Wannan ya tashi daga abin da ake yi a bayan ɗaki da yamma, ya zama sana'a mai cin mutum ɗungurungum. A 2008 wani kamfani a Kalifoniya ya fito da na'urar gida ta kusan dala 10,000 mai yin etanol da sukari, aka yi ta yayata ta, amma ba ta yaɗu ba. Wanda zai sayi sukari a kasuwa ya mayar da shi mai, da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ko ƙasa guda ta ɗanɗana wannan. Birazil ta kafa shirinta na etanol a 1975 bayan tashin farashin mai na 1973, motar Fiat 147 mai shan etanol zalla ta fito a 1979, zuwa tsakiyar shekarun 1980 mafi yawan sababbin motocin ƙasar na etanol ne. Da farashin sukari ya tashi a duniya fetur kuma ya sauka, masu masana'antu suka karkata ga sukari, a 1989 man ya yi ƙaranci, masu motoci suka yi ta layi, jama'a suka juya wa etanol baya. Bai farfaɗo ba sai 2003, da Volkswagen ta fitar da Gol mai shan kowanne. Abin da ake yin etanol da shi abinci ne mai kasuwarsa, kullum sai an tambaya ko sayar da shi yadda yake bai fi riba ba.

Sai wuta. Ɗaga lita 100 na tsimi daga digiri 30 zuwa tafasa kaɗai yana cin wajen megajul 26, alhali lita 10 na etanol da ke ciki duka-duka megajul 210 suke ɗauke da shi. Kashi ɗaya cikin takwas ya tafi tun ɗigon farko bai fito ba. A ƙara na tururin da ake ta mayarwa ƙasa ana sake tafasawa, ya kusa ninka wannan. Wannan fa idan duk zafin yana shiga tukunya ne. A buɗaɗɗen murhu mafi yawan zafin iska yake bi, don haka mai tacewa a haka yana iya ƙona makamashin da ya kai wanda zai samu. Idan gas ko lantarki na saye ne, an canza wani mai zuwa wani ne da asara a tsakani. Sirrin masana'antun rake na Birazil shi ne ragowar karan da aka matse suke ƙonawa, ya ba su tururi da lantarki har su sayar da rara. Ƙaramin mai aiki ma sai ya sami irin wannan: makamashin da ba saya ya yi ba, murhu rufaffe, tukunya da bututu a naɗe da abin riƙe zafi, da dabarar ɗumama tsimi na gaba da ruwan zafin da ke fitowa daga wurin sanyaya tururi.

Hatsarin aikin ba ƙarami ba ne, kuma ina so a ɗauke shi da gaske. Tururin etanol ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tafi neman wuta, yana kamawa idan ya kai kashi 3 da ɗoriya cikin 100 na iskar wuri. Harshen wutarsa shuɗi ne mai haske-haske, da rana kusan ba a ganin sa, mutum yana iya taka shi bai sani ba. Tukunyar da bututunta ya toshe bam ce, don haka dole a bar mata mafita a buɗe kullum. Wurin da mai ke ɗigowa ya yi nesa da murhu, aikin kuma a fili ake yin sa, ba a cikin ɗaki ba. Durorin tsimi su ma suna da nasu: lita 57 na etanol suna zuwa da sama da kilo 40 na iskar kabon, wadda ba ta da launi, tana taruwa a ƙasan rufaffen wuri ta kashe mutum ko dabba ba tare da gargaɗi ba. Abin da ke fita daga irin wannan tukunya kuma guba ne ga mai sha, yana iya ɗauke da metanol mai makantarwa, da dalma idan an yi amfani da ita wajen liƙe bututu. A rubuta a jikin jarka, a kulle, a nesanta da yara.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma a yawancinsu tace etanol ba tare da izini ba laifi ne ko da niyyar mai ce, don tukunyar ɗaya ce da ta masu barasa. A Amurka hukumar TTB, mai kula da harajin barasa da taba, ce ke ba da lasisin haɗa mai, an sauƙaƙa shi tun 1980, kuma ƙaramin mai aiki da bai wuce kimanin lita 19,000 na etanol zalla a shekara ba yana da nasa rukuni mai sauƙin sharuɗɗa. Kafin man ya bar wurin da aka yi shi dole a gurɓata shi, aƙalla galan 2 na fetur a kan kowane galan 100. Ko inda doka ba ta tilasta ba, wannan gurɓatawa ita ce daidai, a yi ta nan take, don kada a ajiye abin da wani zai iya kai wa baki. Neman izini kuwa kafin a sayi ko da bututu ɗaya ya kamata a yi shi.

A ganina wanda abin zai yi wa amfani shi ne manomi ko ƙungiyar manoma da ke da zaƙin da zai lalace a banza, maɗi ko rake ko 'ya'yan itace ko rogon da kasuwa ta ƙi, suna da abin ƙonawa kyauta, suna kuma da injin da za a keɓe wa etanol zalla, kamar na ban ruwa ko janareta ko tsohuwar motar gona, inda kashi 92 ya wadatar ba sai an busar ba. Su ne kuma ke da inda za su kai abin da ya rage a tukunya. Kowace lita ta etanol tana barin lita 10 ko fiye na ruwan dusa mai zafi da tsami. Idan aka malalar da shi a rafi yana cinye iskar ruwan, kifi su mutu, wari ya dami maƙwabta. A Birazil ana mayar da shi gonar rake da awo a matsayin taki, don yana da sinadarin fotash. Na masara kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin hatsin yana dawowa a matsayin dusa mai gina jiki, tunda sitacin kawai yis ya ci ya bar furotin da mai. Masana'antun Amurka suna sayar da ita ga masu kiwo, kuɗinta babban sashe ne na abin da ke riƙe su. Ɗanyarta ba ta wuce 'yan kwanaki ba ta yi fumfuna a lokacin zafi, don haka sai dabbobin suna kusa da tukunyar, kuma yawansu ya kai su cinye abin da ake fitarwa a kowane mako.